WA YA KOYA WA LAKCARA KOYARWA?

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da muke digiri na biyu da na uku a jami'o'in kudu. Rubutun nan yana da tsawo, kuma na san zai ɓata wa wasu rai. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Amma don Allah wanda zai mayar min da martani ya karanta har ƙarshe tukuna.

Maganata ɗaya ce. A ƙasar nan ana miƙa wa mutum ajin jami'a mai ɗalibai ɗari uku ba tare da an taɓa zaunar da shi ko na mako guda an nuna masa yadda ake koyarwa ba. Mu da muke shirin komawa gida mu karɓi waɗannan azuzuwa mun fi kowa sanin haka, domin a jikinmu abin ya ƙare. Amma mun yi gum. Muna da ƙungiyar 'yan jiha, da ta 'yan ƙaramar hukuma, da gurup na cigiyar ɗaki, da na adashe, da na neman motar tafiya gida hutun sallah. Ba mu da ko zaure ɗaya da muke zama mu tambayi juna: wai in na tsaya gaban yaran nan, ta yaya zan sa su gane?

Mu duba abin da idon basira. Wanda zai koyar a firamare, manufar ilimi ta ƙasa ta ce mafi ƙarancin takardarsa NCE. Shekara uku yana karatu, a ciki har da fita koyarwar gwaji, inda malaminsa zai zo ya zauna a bayan aji da biro yana rubuta kurakuransa. Wanda ya yi digiri a wani fanni yana son koyarwa a sakandare, ana ce masa ya je ya yi PGDE. Tun 1993 aka kafa hukumar TRCN domin rajistar malamai. To shi kuma lakcara fa? Ya fita da sakamako mai kyau, ya gama hidimar ƙasa, sashensu ya riƙe shi a matsayin GA, ko ya kawo takardar masta aka ɗauke shi. Ranar Litinin shugaban sashe ya miƙa masa sunan kwas da lokacin lakca. Shi ke nan, an gama horo. Inda aka yi ƙoƙari, a tara sababbin ma'aikata yini ɗaya ko biyu a karanta musu dokokin aiki da maganar fansho. In ka cire 'yan tsangayar ilimi, akasarinmu haka muka shiga aji ko haka za mu shiga.

Yanzu ku gaya min, mutumin da ba a koya wa sana'a ba, da me zai yi aiki? Da abin da ya gani ana yi. Shi ya sa koyarwa a jami'o'inmu ta zama gado. Malam ya karanto maka littafin rubutunsa da ya yi ja don tsufa, kai kuma ka kwafa. Bayan shekara shida ka tsaya a inda ya tsaya, ka buɗe naka kwafin, ka karanto wa na bayanka, har da kuskuren da kunnenka ya jiyo a ranar. Dukkanmu mun zauna a ajin da awa biyu cur babu abin da ake yi sai shifta. Mun san malamin da ba a ganinsa sai saura mako uku jarabawa, ya zo ya haɗa lakcar semista guda cikin Asabar biyu. Mun san wanda in ka ɗaga hannu zai ce tambayarka ta nuna ba ka cancanci zama a jami'a ba, daga ranar kuma babu wanda ya sake ɗaga hannu har aka gama kwas ɗin. Mun san wanda yake alfahari da cewa babu mai cin A a wurinsa, kamar faɗuwar ɗalibai ita ce shaidar zurfin iliminsa. Mun rubuta tes da ba a taɓa dawo mana da takardunsa ba, ballantana mu san inda muka kuskure.

Kada wani ya ce na yi wa malamai kuɗin goro. Akwai waɗanda har gobe in na tuna su sai na yi musu addu'a. Akwai wata malama da ta koya mana lissafin ƙididdiga da wake da gyaɗa a cikin kwano, abin da littafi ya kasa shigar mana a wata biyu ta shigar da shi a minti arba'in. Amma ku lura da wani abu: irin waɗannan malamai, ƙwarewarsu a kansu take tsayawa. Wanda ofishinsa ke jikin nata bai taɓa shiga ajinta ya ga yadda take yi ba. Ranar da ta yi ritaya, dabarar ta bi ta gida. Mummunar koyarwa tana da magada, kyakkyawa kuwa tana mutuwa ba ta haihu ba. Wannan shi ne abin da ke ci min rai.

Kwanakin baya wani ɗan uwa ya kawo shawara a gurup ɗinmu na 'yan masta cewa mu riƙa haɗuwa muna gwada koyarwa a gaban juna. Amsar farko da ya samu ita ce: "Malam, mu fa ba ticocin firamare ba ne." Aka bi da dariya da sitika, maganar ta mutu. To ni yau wannan amsar nake so mu tattauna, domin ita ce ainihin cutar.

Me amsar take nufi? Tana nufin koyon koyarwa ƙasƙanci ne, aikin ƙananan malamai ne, shi kuwa mai babban digiri iliminsa ya wadatar. Wallahi wannan girman kai ne da ba shi da tushe. Sanin abu daban, iya sanar da shi daban. Digirin digirgir shaida ce cewa mutum ya iya bincike a kan wani ɗan siririn lungu na fanninsa, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban mutum biyar ko shida waɗanda suka riga suka san fannin. Babu inda aka gwada ko zai iya ɗaukar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta fito daga makarantar gwamnati a ƙauye ya kai ta inda za ta fahimci abin. Kai, malamin firamaren da kuke rainawa, in ya ga idon yaro ya san bai gane ba, ya canza hanya. Mu nawa ne muka iya wannan?

Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da aikinsa shi ne auna wasu da jan biro ba ya ƙaunar a zauna a bayan ajinsa a auna shi. Mu da muke ƙorafi a hostal kullum a kan sufabaiza da lakcarori, da aka ce mu tsaya minti goma abokanmu su duba tamu koyarwar, sai muka fake da raha. Laifi tudu ne.

Wani zai ce ai akwai TETFund, ita ke da alhakin horar da malamai. Bari mu ba ta haƙƙinta. Asusun nan gwagwarmayar ASUU ce ta haife shi, daga yarjejeniyar 1992 lokacin Attahiru Jega yana shugaban ƙungiyar. Aka kafa shi a 1993 da harajin kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, sannan dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, ya koma na manyan makarantu zalla. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu da kuɗinsa suke karatu. Kuma buƙatar ta gaske ce: kwamitin da ya binciki halin jami'o'in gwamnati a 2012, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na malaman ke da digirin digirgir. Dole a tura mutane karatu, babu mai musun wannan.

Amma ku duba abin da kalmar "horar da malamai" ta koma nufi a bakinmu: ƙarin digiri da zuwa taron gabatar da takarda. In lakcara ya ce ya samu tallafi, ko dai karatu zai tafi ko kwanfarans. Ya dawo da hoto a gaban allon taro da takardar shaidar halarta, ya saka a fayil. Ajinsa na ranar Talata yana nan yadda ya bar shi. Me ya sa? Saboda ƙarin girma takardun da ka wallafa yake ƙirgawa. Daga mataimakin lakcara har zuwa farfesa, tambayar ita ce takarda nawa, a wace mujalla. Koyarwa shekarunta ake lissafawa, ba a cika tambayar ingancinta ba. Wanda ya kwana yana tsara darasi da wanda ya shiga ya karanta handawut ya fita, a fom ɗin ƙarin girma kusan ɗaya suke. Har ma na biyun ya fi samun lokacin tara takardu, wasu a mujallun da in ka biya yau, jibi an buga. Tsarin da kansa yana gaya wa matashin malami cewa aji ɓata lokaci ne. Shi ya sa nake cewa wanda ke jiran gyara ya sauko daga sama zai daɗe a tasha.

Ga masu cewa koyarwa baiwa ce, ko an haife ka da ita ko ba a haife ka ba, ga labarin Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ɗalibai suna yabon lakcarsa, suna cin jarabawarsa. A wajen 1990 ya ba su wani gwaji na tambayoyi masu sauƙin lafazi waɗanda ba lissafi suke nema ba, fahimta suke nema. Sai ya tarar da yawansu haddar dabarun lissafi kawai suka yi, ainihin ma'anar ba ta zauna ba. Bai ce yaran zamani sun lalace ba. Ya canza salon ajinsa: ya yi ɗan bayani, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Dalilin da ya sa hanyar ke aiki a fili yake. Ɗalibin da ya gane abu minti biyar da suka wuce yana tune da inda ya sarƙe, farfesan da ya gane shi shekara ashirin baya ya manta cewa wurin ma yana da wuya.

A 2014 kuma Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da injiniyanci da lissafi. Inda ake zuba lakca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tattaunawa a cikin aji, kusan kashi 22. Ku kwatanta da ajin mutum ɗari uku: bambancin ya kai mutum talatin da wani abu. Mutum talatin da za su ɗauki keri-oba ko su tsallake, kuma abin da ya raba su shi ne yadda malam ya tafiyar da awa biyunsa. A Ingila, tun bayan rahoton Dearing na 1997, jami'o'i da yawa suka mayar da kwas ɗin koyon koyarwa sharaɗi ga sabon lakcara kafin a tabbatar masa da aiki. Su da suke da ɗakunan karatu da wutar da ba ta ɗaukewa sun ga suna buƙata. Mu ne muka fi ƙarfin abin?

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa da ku nake, 'yan Arewa, ban rubuta da Turanci don kowa ba. Tsakanin 2011 da 2013 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin jami'o'i goma sha biyu, tara daga ciki a Arewa: Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya, Lokoja, Wukari, Birnin Kebbi, Gusau da Gashuwa. Ga na jihohi, ga masu zaman kansu da ke ta ɓullowa. Su wa ke riƙe da azuzuwan shekarar farko da ta biyu a irin waɗannan wurare? Matasa irinmu. Manyan farfesoshi kaɗan ne, wasunsu ma na ziyara ne, su zo su koma. Ma'ana al'adar koyarwa a waɗannan jami'o'i yanzu ake gina ta, kuma da hannunmu. Abin da muka shuka a shekaru goman nan shi za a gada shekara arba'in. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan ku tuna wane ne ɗalibin da zai zauna a gabanmu. Sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Ya yi sakandaren da malamin kimiyya ɗaya ke riƙe da darussa uku. Turancinsa na karatu ne, bai saba jin ana zuba shi da sauri awa biyu ba. Kunya da tarbiyyar gida sun hana shi katse babba da tambaya, ita mace ma abin ya ninka. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Mu ne shi, shekara takwas ko goma da suka wuce. In aka yi masa shifta aka tafi, zai haddace ya zuba a takarda ya manta, ya fito da digirin da ba zai iya kare shi a gaban masu ɗaukar aiki ba. Sai mu dawo nan Facebook muna kukan an bar Arewa a baya, muna zagin gwamnoni. Gwamnoni suna da nasu kason, babba ma. Amma awa biyun nan da aka rufe ƙofa daga kai sai ɗalibai, babu gwamnan da ke ciki.

Hukumar NUC ta fito da sabon tsarin manhaja, CCMAS, a ƙarshen 2022, ta ce kashi 70 daga gare ta, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. To wa zai tsara kashi talatin ɗin nan a sashenku? Wanda bai taɓa koyon yadda ake gina kwas daga manufa zuwa jarabawa ba, zai buɗe intanet ya kwafo na wata jami'a ya canza suna. Dama ce aka ba mu, amma sai da gwaninta ake cin moriyarta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa wannan tunanin Turawa ne. Ku koma tarihinku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga koyar da matan da ke iya zuwa wurinta ba. Ta horar da jajis, ta naɗa su da malfa, su koma garuruwansu su koyar, su dawo wurinta da tambayoyi da sababbin ɗalibai. Tsarin 'Yan Taru ke nan: malamai masu koyon koyarwa a cikin jama'a, suna komawa ga juna. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta fitar da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, makarantar horar da malamai ce. Malam Aminu Kano da ya dawo daga karatun koyarwa a Landan, abin da ya fara tsayawa a kai shi ne haɗa kan malamai, aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Mutanen da muke liƙa hotunansu a bango ticoci ne, kuma ba su ji kunyar sunan ba.

Ko a bakin titi ma darasin yana nan. Wata mai bincike, Jean Lave, ta zauna da teloli a Laberiya tana kallon yadda yaron shago ke zama gwani: yana farawa da guga da saka maɓalli, yana kallon manya, ana duba aikinsa ana gyara masa, har ya kai ga yanka. Daga irin wannan ne ita da Etienne Wenger suka rubuta littafinsu na 1991 a kan cewa sana'a a cikin ma'abotanta ake koyonta. Mu da muka tashi muna ganin shagon tela da garejin makanike ba ma buƙatar a fassara mana. Babu telan da ya ƙware daga taron bita na kwana biyu a otal. Shi ya sa ban ce a kira mana wakshop a raba jaka da biro da kuɗin mota ba. Zama nake nema, mai ɗorewa, na mutanen da suka san juna har za su iya gaya wa juna gaskiya.

Na san uzurorin, bari in amsa su tun kafin a kawo.

"Albashin bai isa ba, wa ke da ƙarfin wannan?" Gaskiya ne bai isa ba. Mun ga 2020, mun ga 2022 da aka rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba aka kuma riƙe albashi. Ina tare da duk mai neman haƙƙinsa. Amma yaron da babansa ya sayar da buhunan masara ya biya masa rajista, ba shi ya riƙe maka albashi ba. In za ka huce, huce a kan wanda ya ɓata maka. Kuma malamin da ya tsara kwas ɗinsa sau ɗaya da kyau ya fi samun sauƙi a shekarun da ke biye, har makin jarabawa ya fi yi masa sauri.

"Ajinmu mutum ɗari biyar ne, babu lasifika, babu majigi." Hanyar Mazur da na faɗa don babban aji aka yi ta, kuma ba ta buƙatar lantarki. Ɗaga yatsu ya isa: ɗaya, biyu, uku ko huɗu a kan ƙirji, ka duba ka san ko rabin ajin sun ɓace. Ko ka ce kowa ya yagi 'yar takarda a ƙarshen lakca ya rubuta abu ɗaya da bai gane ba, ba suna. Ka ɗebi talatin ka karanta a keke napep kan hanyar gida. Lakcarka ta gaba za ta fara daga inda suke, maimakon inda kake zato suke. Nawa aka kashe?

"Manya ba za su so ba, za a ce muna nuna mun fi su." Babu wanda ya ce ka je ka gyara wa farfesa koyarwa. Da kanmu za mu fara. Kuma ku yi mamaki, akwai dattawan da in ka je da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in zauna a ajinka in koyi yadda kake yi," za su ji daɗin da ba su taɓa ji ba, domin shekara talatin babu wanda ya taɓa tambayarsu.

"Bari mu gama masta tukuna." Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne muke da abin da ba za mu sake samu ba: muna zaune a kujerar ɗalibi, muna jin zafin abin a jikinmu, ga mu kuma daga jami'o'i daban-daban a wuri ɗaya. Ranar da ka koma aka ɗora maka kwas huɗu, da aikin jami'in jarabawa, da furojet ɗin yara ashirin, ga iyali, ba za ka sake samun sararin ba. Kuma a lokacin ka riga ka fara manta yadda rashin ganewa yake.

To ga abin da nake ba da shawara, a taƙaice.

Na ɗaya, mutum shida zuwa goma a kowace jami'a, kada a wuce haka. In an yi yawa a raba biyu. A haɗu sau ɗaya a mako biyu, awa ɗaya da rabi, a kowane ajin da ba kowa ko a ƙarƙashin bishiya.

Na biyu, kowane zama mutum biyu su koyar, minti goma-goma, a kan abin da suka san yana ba ɗalibai wuya a fanninsu. Sauran su zama ɗalibai. A cakuɗa fannoni da gangan: in ɗan tarihi ya gane bayaninka na kemistiri, to ɗan aji ɗaya ma zai gane. Bayan nan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da ya ɓatar da shi. Aikin ake dubawa, ba mutumin ba. Wanda ya yarda, a ɗauke shi da waya ya kalli kansa daga baya.

Na uku, a riƙa kawo tambayoyin jarabawa ana dubawa tare. Wannan tambayar hadda take nema ko tunani? A ɗauki amsa ɗaya kowa ya ba ta maki a ɓoye, sannan a kwatanta. Ranar da kuka ga takarda ɗaya ta samu 4 a hannun wani, 8 a hannun wani, za ku gane dalilin da ya sa ake rubuta tsarin ba da maki kafin a fara.

Na huɗu, waɗanda suka riga suka fara koyarwa su riƙa shiga ajin juna. Abin da aka gani a aji amana ne, ba ya fita zuwa ofishin kowa ko gurup.

Na biyar, a tara abin da aka samu wuri ɗaya: jadawalin kwas, misalan da suka yi aiki, kalmomin Hausa da suka taimaka wajen buɗe wata ma'ana mai wuya kafin a koma Turanci. Wanda ya gama ya koma gida ya buɗe irin wannan zama a sashensu, a ci gaba da haɗuwa ta waya sau ɗaya a wata.

Na shida, kuma wannan da babbar murya: babu shugaba, babu sakataren kuɗi, babu uban ƙungiya, babu kalanda, babu bikin karramawa. Mun san yadda ƙungiyoyinmu ke mutuwa, ranar zaɓen shugabanni ake yi musu jana'iza. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa. A sa lokacin da 'yan uwanmu mata, har masu goyo, za su iya zuwa, domin wasu daga cikin waɗanda suka fi mu iya bayani su ne. Ɗan Filato da ɗan Binuwai da ɗan kudancin Kaduna duk namu ne. Abokan karatunmu Yarabawa da Ibo in sun nuna sha'awa a buɗe musu ƙofa, mu ma akwai abin da za mu ɗauka a wurinsu. Kuma a nemi ɗaya daga 'yan tsangayar ilimi a kowane zama, su ne suka karanci abin, mun daɗe muna raina su a banza.

Wannan ba zai gyara albashi ba, ba zai gina ɗakin gwaje-gwaje ba. Amma nan da shekara goma sha biyar wasu daga cikinmu ne za su zama shugabannin sassa da na tsangayu, su ne za su zauna a kwamitin ƙarin girma. In mutanen da suka saba a duba koyarwarsu suka kai can, fom ɗin ma zai canza. In kuwa waɗanda suka ce su ba ticocin firamare ba ne suka kai, to 'ya'yanmu za su zauna a ajin da muka zauna, su kwafi littafin da muka kwafa.

Ɗalibi amana ne, kuma za a tambaye mu. Wanda ya shirya, ya nemi mutum biyar a jami'arsu cikin makon nan, ya sa rana. Mu a nan Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu fara, ko mu uku ne. Ni zan fara tsayawa a gaban allo, ku zo da jan bironku.

Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, bismillah, fili nasa ne. Sai dai ya zo da hujja, kada ya zo da sitika.

Allah Ya sa mu fi waɗanda suka koyar da mu, Ya saka wa nagarinsu da alheri, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke jiranmu. Amin.